Ratar da Maigida Ya Koyo a Zariya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai mu Zariya mu biyu, ya dawo da mu mu biyu, sannan ya bar ni ni kaɗai. Ni ce Hawwa, wadda ake kira Inna ta gidan maƙera a Bungudu. Ban san baƙi ba. Malam Isa maƙwabcinmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa, in ya ji na yi shiru ya san kuka ne, sai ya jira ni.

Tun da na fita takaba mata ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya jirgin ƙasa yake, waccan ta ce da gaske ne a Zariya ana sayar da ruwa. Ina ba su amsa har bakina ya gaji. Amma abin da ya sa na kira Malam shi ne tambayar da wata ta yi mini ranar sadakar arba'in. Ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Inna, an ce wai ɗaure shi Turawa suka yi can don ya kashe musu inji, baƙin ciki ne ya ida shi?" Yau zan faɗa, a karanta wa duk mai son ji.

Maigida maƙeri ne ɗan maƙeri. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara yau ba. A wurin aiki Na-Bungudu suke ce masa. Fartanyar da ya sa wa ƙota, sai dai ƙotar ta karye, amma ruwan ba ya girgiza. Da wannan yake tinƙaho. In ɗanmu Mamman ya kawo masa aiki, sai ya kai kusa da kunnensa ya jijjiga, in ya ji motsi ko yaya ne ya jefar masa a ƙafa.

Da aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, Baturen wurin, wanda ake kira Mai Lofe, ya nemi maƙerin da zai riƙa yi masa ƙusoshi da gyaran sarƙa. Aka nuna masa Maigida, muka koma Gusau da zama. Cikin shekara uku ya san injin nan kamar jakinsa. Akwai wata doguwar sandar ƙarfe mai kaurin taɓarya, ita ke juya komai. Tana kwance cikin tagulla biyu masu kama da ɓarin ƙwarya, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ana ɗiga musu mai. Wajen ƙarshen kakar auduga tagullar ta cinye, sanda ta fara ƙwanƙwasa. Mai Lofe kuwa yana kwance da zazzaɓi. Maigida ya ce abin da ke girgiza ai maganinsa a matse shi. Ya kwance tagullar, ya goge bakinta da magagari, ya mayar, ya ɗaure tam yadda yake sa ƙota. Ƙwanƙwasa ta daina. Kowa ya ce sannu da aiki.

Kafin azahar hayaƙi ya tashi. Tagulla ta narke ta kama sanda, inji ya tsaya cik. Kwana takwas raƙuma da jakuna suna jibge a bakin ƙofa da auduga kafin a sallame su, mutanen Magami da na Ruwan Bore suna zagin wanda ya yi wannan aiki, ba su san shi ne tsohon da ke wucewa ta gabansu kansa a sunkuye ba.

Da Mai Lofe ya tashi bai yi faɗa da yawa ba. Ya ce ta bakin tafinta: akwai gidan gyaran jirgi a Zariya inda ake karɓar masu aikin inji a ƙara musu sani. Maigida ya je wata uku. In ya dawo da takardar shaida, aikinsa na nan. In bai samo ba, za a kawo wani daga Ikko.

Da labari ya iso Bungudu, Tanko taubashinsa ya zo takanas har Gusau don ya yi masa tsiya. Ya zauna a zaure yana cewa, "To, kai da furfura har cikin hanci za a maida ka makaranta? In yanko maka allo? Ka tahi da tsumma, ka sa cikin wando, don bulala."

Maigida bai yi dariya ba, shi da ba a taɓa kayar da shi a wasan taubasai ba. Kwana uku ina kai tuwo ina ɗauko shi yadda na kai. A rana ta huɗu ya ce mini zai tafi. Na ce to, ni ma. Ya ce, "Ke mi za ki koyo?" Na ce, "Ba abin da zan koyo. Haƙoranka nawa suka rage? Wa zai tuƙa maka tuwo mai laushi a can?" Ya yi shiru. A wurinsa shiru izini ne.

Muka tashi cikin bazara da jakuna biyu. Na gasa hoce mai yawa, wainar dawa ta ƙasarmu, na ƙulle da ƙuli-ƙuli da garin kuka da daddawa. Shi kuma ya ɗaure masabarsa da awartaki cikin buhu, don ya ce maƙeri ba ya zuwa gidan ƙarfe hannu sake. Ranar farko muka kwana a gindin dutsen Kwatarkwashi, gidan wani maƙeri da ya san mahaifinsa. Washegari muka haɗu da wani Buzu mai raƙuma uku zai je Funtuwa. Da ya hangi ƙunar da ke hannun Maigida sai ya daka tsawa irin ta wasan Buzaye da maƙera, "Kai bawana, ina za ka ba ka nemi izinina ba?" Maigida ya ce, "Rufe bakinka ɗan nema, takobin da kake taƙama da shi wa ya ƙera maka?" Haka suka yi ta yi har Tsafe. Na gode wa Buzun nan, don shi ya fara sa Maigida dariya tun ranar da inji ya tsaya. A Tsafe kuma, muna salla, raƙuminsa ya zura baki cikin kayana ya cinye rabin hocen. Buzu ya ce haraji ne.

Bayan Tsafe muka fara ganin masu aikin hanyar jirgi. Mutane kamar tururuwa, kowa da kwandon ƙasa a kai, an kwaso su daga ƙauyuka. Wani ɗan 'Yankuzo ya gane harshenmu, ya biyo mu da gudu yana roƙon in mun dawo mu gaya wa uwarsa yana nan da rai. Na ba shi hoce biyu. Da muka dawo kuwa na aika mata.

Iyakar ƙasar Sakkwato da ta Katsina, da nake tsammanin ganuwa ce ko kogi, ashe wata 'yar ƙorama ce busasshiya da bukkar dogari. Dogarin ya duba takardar Mai Lofe ya ce mu wuce, amma sai mai lamba ya yi mana lamba tukuna, don ana agana a gaba. Ni na miƙa hannu aka tsaga, ban ji komai ba. Maigida, mutumin da ke ɗaukar jan ƙarfe yana hira, da ya ga 'yar askar sai gumi ya karyo masa, ya kau da kai yana salati da ƙarfi. Matan da ke sayar da fura a wurin suka yi ta ƙyaƙyata. Furar tasu kuwa, gaskiya, ta fi tamu laushi, amma nononsu tsala ne, ruwa ya yi masa yawa.

A Funtuwa muka bar jakuna hannun wani ɗan garinmu, nan na fara ganin jirgi. Ba zan iya kwatanta shi ba sai dai in ce maƙera ce mai tafiya, da wutarta da zugarta da hayaƙinta. Ni ina karanta duk addu'ar da na sani, Maigida kuwa ya tsuguna yana duban ƙarafan da jirgin ke bi. Ya kira ni ya nuna mini mahaɗin ƙarfe biyu, akwai rata tsakaninsu, yatsa ƙarami ya kusa shiga. Ya ce, "Dubi aikin waɗanda za su koya mani. Ko Mamman yana shekara goma ba ya barin wannan giɓi."

Aka sa mu a taragon kaya marar rufi. Da jirgi ya fizga na rungume ƙafar wani mutum da ban sani ba, na riƙe har sai da ya ce, "Inna, ki bar mini ita, guda biyu ce kawai gare ni." Tartsatsi ya huda mini mayafi wuri uku. Duk mahaɗin da muka taka sai a ji ƙwas, Maigida kuma ya yi tsaki. Daga Funtuwa har Zariya yana tsaki. Tafiyar da jaki zai yi kwana uku, muka yi ta tsakanin hantsi da la'asar.

Ba cikin birni aka sauke mu ba, a Sabon Gari ne, kusa da tasha. Aka ba mu ɗaki a gidan wata Banufiya, Iya Abiba. Gidan ba zaure, ba katangar da ta raba maza da mata, ɗakuna ne a jere kamar rumbuna, kowane da yarensa. Ruwa kuwa gaskiya ne, sayar da shi ake yi a garwa. Ranar farko Iya Abiba ta kawo mana teba da miya ja wur da manja. Maigida ya kai loma ɗaya, hawaye suka zubo, ya ce, "Wannan miyar a murhu aka dafa ta ko a maƙera?" Daga ranar na karɓi tukunya. Amma kafin mu baro na koyi cin doya, ita kuma ta koyi gasa hoce, ko da yake nata kullum yana fashewa. Mace ce mai faɗa da alheri. In na zauna ina tunani sai ta ce, "Ke Bazamfara, tashi ki tsince mini wake, tunani ba ya cika tukunya." Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne ba rana ke raba musu lokaci ba, usur ne. In ya busa kowa ya zabura da gudu, ko yana tsakar alwala. Kuma ranar Lahadi suke hutu, Juma'a sai an roƙa a bar mutum ya je masallaci.

Kullum in usur na tsakar rana ya busa, ina bakin ƙofar gidan gyaran jirgi da akushi. Ta haka na ga abin da na gani, sauran kuma shi ya faɗa mini.

Su tara aka haɗa, duk masu aiki ne da aka aiko daga wurare, wani daga injin ruwa, wani daga jirgi. Babba a cikin sauran takwas ɗin bai kai Mamman ba. Suka sa masa suna Kaka. Mai koya musu wani bakanike ne mutumin Ilori, Malam Raji, gajere, mai magana a hankali. Ranar farko ya ga buhun Maigida ya ce a buɗe. Ya ɗaga masabar, ya yaba ta, sannan ya sa ta a lungu ya ce, "Baba, wannan ta huta wata uku." Ya ba shi wani ɗan ƙarfe mai kaifi da bai fi yatsa ba, ya ce da shi za a kankare tagulla.

Aikin shi ne a shafa wa sanda shuni, a ɗora tagulla a juya, a ɗaga. Inda shuni ya kama, nan ne tudu, sai a kankare shi kaɗan kaɗan, a sake. Haka har shuni ya bazu ko'ina daidai. Sannan in za a ɗaure, a bar rata tsakanin sanda da tagulla, wadda ake aunawa da wani fallen ƙarfe mai kaurin ɓawon albasa. In fallen bai shiga ba, an matse da yawa. In ya shiga yana lilo, an saki da yawa.

Kankarar ba ta dame shi ba. Ratar ce ya ƙi yarda da ita. Mako biyu yana ɗaure tagulla tam, Malam Raji yana kwancewa. Wata rana ina tsaye na ji muryarsa daga ciki. "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba nike haɗa ƙarfe. Abin da ad da rata ba haɗi ba ne, ha'inci ne!"

Malam Raji ya ce, "Baba, haɗin da ka yi a Gusau ba rata. Kwana nawa ya yi?"

Ranar bai taɓa akushin ba. Da ya dawo gida ya ce in ɗaure kaya. Ban ɗaure ba, ban kuma ce masa a'a ba, na shiga tsintar waken Iya Abiba.

Washegari da sassafe, kafin usur, sai ga Malam Raji a ƙofar ɗakinmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa irin gaisuwarsu. Ya ce bakinsa ya yi kaifi jiya, Baba ya yafe. Sannan ya roƙe shi ya zo da wuƙarsa su taka zuwa hanyar jirgi. A can ya nuna masa mahaɗin ƙarfe ya ce ya zura wuƙar. Ta shige har da sauran wuri. Ya ce to su dawo da tsakar rana.

Wannan na biyun a gabana aka yi, ina riƙe da akushi, rana tana dukan ƙarfe har ba a iya taɓa shi. Maigida ya tsuguna a mahaɗin nan dai, ya sa wuƙa. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya danna, ko bakinta bai shiga ba. Ya daɗe a tsugune. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Ya kumbura."

Ya ɗago ya dube ni. "Hawwa, in zan sa wa sanda zobe, mi nike yi?"

Na ce, "Ka sa shi a wuta ya buɗe, ka zura, ka zuba ruwa ya kama." Ni da na yi masa zuga shekara da shekaru kafin Mamman ya girma.

Ya ce, "Shekara hamsin na san ƙarfe na kumbura in ya ji zafi. Da hannuna nike yi. Amma fartanya ba ta juyawa, ban taɓa tunanin abin da ke gudu shina yi wa kansa wuta ba. Sanda ta ɗumama, ta nemi wuri, ni kuwa na hana ta wuri, na hana mai shiga." Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. A gaban samarin nan takwas da suka biyo su kallo, ya cire hularsa ya ce wa wanda bai kai ɗansa ba, "Malam, ni ne ban sani ba. Koya mani daga farko."

Malam Isa, rubuta wannan da kyau. Na ga Maigida ya kama ɓarawo da hannu ɗaya, na ga ya ƙera wa hakimi takobi. Ban taɓa jin girmansa ya cika mini ƙirji kamar ranar da ya tsaya kan hanyar jirgi da hula a hannu ba.

Daga nan sai wata matsala ta fito. Idonsa ba ya ganin ƙananan ɗigon shuni, sai ya kankare inda ba tudu. Malam Raji ya lura, ya kawo masa tabarau na marigayi mahaifinsa, an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Da na kawo abinci ya fito da su a hanci, ya tsaya yana kallona kamar baƙuwa. Ya ce, "Subhanallahi! Hawwa, ashe haka kika tsufa?" Na ce, "Cire su ka ba ni in ga abin da na aura." Samarin suka faɗi ƙasa don dariya. Tun ranar suka daina ce masa Kaka da reni, suka koma kiransa haka da ƙauna. Shi ma ya koya musu abin da ba su sani ba, yadda ake gane zafin ƙarfe da launinsa kafin a tsoma shi a ruwa. Har Malam Raji ya zo ya tsaya yana kallo.

Damina ta faɗi muna can. Ɗakinmu yana yoyo, Maigida ya kama tari. Da wata uku suka cika aka yi musu gwaji. Kowa ya haɗa tagullarsa a inji, a tayar tun safe, da azahar wani Bature mai jan gemu ya zo ya ɗora bayan hannunsa. In da sanyi, an ci. Bakwai suka ci. Na Maigida da na wani ɗan Minna suka yi ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi kawai, kamar goshin mai zazzaɓi. Hannunsa ne bai gama sakin tsohuwar ɗabi'a ba, ya ƙara juyi ɗaya a kan ƙusa. Mai jan gemu ya ce za a sake musu bayan kwana goma, daga nan kuma babu.

A nan ni na karaya. Tari ya hana shi cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce, "Mu koma gida. Kana da maƙerarka a Bungudu, ba wanda zai hana ka ƙera fartanya har ka mutu."

Ya ce, "In koma in ce wa Tanko mi? In ce wa mutanen Magami mi, da suka kwana takwas a rana saboda ni? Na ɓata abu, Hawwa. Ban iya kwanciya cikin ƙasa ban gyara shi ba."

Iya Abiba ta dafa masa citta da kanumfari, ni na riƙa dama masa kunu. Kwana goman nan ya haɗa tagulla ya kwance ban san sau nawa ba, yana koya wa hannunsa tsayawa inda zuciyarsa ke cewa ƙara.

Ranar gwaji na je tun safe na zauna a gindin wata ɗorawa da ke fuskantar ƙofa, da tasbaha. Ina jin inji yana gudu, ina duban rufin ko zan ga hayaƙi. Usur ya busa ban ga kowa ba. Aka kira azahar. Can sai ga samarin sun fito da gudu, wani yana ihu, "Iya! Iya! Sanyi ƙalau!" Maigida ya biyo bayansu a hankali, da tabarau a hanci da takarda a hannu. Bai ce mini komai ba sai, "Ina tuwon?" Ya cinye tas, ya suɗe akushi.

Da za mu taho ya miƙa wa Malam Raji tabarau, shi kuwa ya ƙi karɓa. Har ma Malam Raji ya ƙara masa da fallen awo da ɗan ƙarfen kankara. Maigida ya ɗauko masabarsa daga lungu, ta gadon ubansa, ya ba shi. Iya Abiba ta raka mu tasha tana faɗa wai mun bar mata ɗaki da warin daddawa, tana share ido da bakin zane.

A dawowa duk mahaɗin da jirgi ya taka ya yi ƙwas, sai Maigida ya gyaɗa kai. Daga Funtuwa muka koma kan jakuna. 'Yar ƙoramar iyaka da muka tsallake a bushe ta cika har ƙirji, muka jiƙe sharkaf, ruwan sama kuma ya bi mu har Tsafe. Nan tarin ya sauka ƙirjinsa. Na ce mu kwana biyu ya huta, ya ce inji na jira.

Mai Lofe ya karanta takarda, ya cire lofen daga bakinsa ya ba shi hannu. An riga an kawo sabuwar tagulla, tana ajiye. Maigida ya aika Bungudu a kira Mamman ya riƙe masa, kuma a gaya wa Tanko ya zo da duk maƙerin da ke son kallo. Kwana uku yana kankara, yana tari, yana shafa shuni. Da ya zo ɗauri ya zura fallen awo, Tanko ya leƙa ya ce, "Kai, ka bar ta sake! Wannan abin aka kai ka Zariya ka koyo? Sakaci?" Maigida ya ce, "Zamna nan, kada ka tahi ko'ina sai azahar."

Aka hura wuta, aka tayar da inji ba auduga, don gwaji. Maƙera bakwai suna zaune a rana suna jiran hayaƙi. Da aka kira salla Maigida ya kama hannun Tanko ya ɗora a kan tagulla. Tanko ya zabura zai janye, don ya ɗauka zai ƙone. Sai ya tsaya. Ya sake ɗorawa, ya sa kumatunsa. Ya ce, "Allon nan da na ce in yanko maka, ashe ni ya kamata a yanko wa." Sannan Maigida ya waiwayo ƙofa inda nake. Mata ba sa shiga wurin, amma ya ce, "Ku ba ta hanya, da ita aka yi karatun." Na shiga na taɓa. Sanyi kamar gindin randa.

Bayan kwana biyu ya kwanta. Ya ce a kai shi Bungudu. Kwana goma sha tara ya yi a ɗakin da aka haife shi, kuma ko ɗaya bai bari ya tafi a banza ba. Ya sa na kawo masa taɓarya da ɓarin ƙwarya biyu da shunina na kitso. Mamman, mai 'ya'ya huɗu, yana durƙushe gabansa yana juya taɓarya, shi yana nuna masa tudu da yatsa. In Mamman ya matse sai ya buge masa hannu ya ce, "Ni ma haka na yi. Saki." Ranar Alhamis da hantsi ya miƙa masa fallen awo, ya ce in cire masa tabarau in ajiye. Kafin azahar ya cika.

Malam, dakata kaɗan.

To. Wannan shi ne ɗaurin da aka yi masa, wannan shi ne baƙin cikin. Wadda ta tambaye ni, in ba ta yarda da tsohuwa ba, ta je ta tambayi Tanko, yana nan da ransa, shi ke ba da labarin a kasuwa yanzu har yana ƙara gishiri.

Mai Lofe ya gwada Mamman ya bar shi a kan aikin, ya ce in an gama kakar bana shi ma za a aika shi Zariya ya samo tasa takardar. Ba a kawo kowa daga Ikko ba. Makon jiya, da auduga ta fara shigowa, na sa aka ɗora ni a jaki har Gusau. Raƙuma na shiga suna fita, ba mai jira. Na tsaya a ƙofa sai da la'asar ta yi, inji ya wuni yana gudu, sannan na ce wa Mamman ya kai ni. Tagullar nan ce dai, wadda Maigida ya kankare yana tari, ba a taɓa ta ba tun ranar. Na ɗora bayan hannuna yadda na ga ana yi. Sanda tana juyawa a ciki, ƙasa tana rawa, ƙara ta cika kunne, ita kuwa tagulla da sanyinta. Na daɗe ban ɗauke hannun ba. Mamman ya yi ta magana ban ji ba, ashe cewa yake in matsa kada mayafina ya shiga.

Allah Ya sanyaya wa Maigida makwanci kamar yadda ya bar tagullar nan. Allah Ya saka wa Malam Raji da Iya Abiba, in da mai zuwa Zariya ya kai musu gaisuwata, ya gaya musu tabarau na nan a cikin faifaina. Malam, goge alƙalaminka, na gama.